Kira da Amsa a Shagon Tamar Kumai

A daminar shekarar 2017 ne Malam Azariya ya fara haɗuwa da Tamar Kumai, kuma ruwan sama ne ya haɗa su. Ya fito daga taron Zumuntar Maza ke nan, yana bin hanyar tashar jirgi zuwa gida, sai hadari ya taso daga wajen dutsen Kagoro, irin wanda ba ya ba mutum sarari ya buɗe lema. Ya raɓa ƙarƙashin rumfar wani ƙaramin shago mai ƙofar ƙarfe, inda aka rubuta da shuɗin fenti cewa ana gyaran kwamfuta, ana kuma buga takardu. Da ya leƙa ciki sai ya ga wata mace siririya ta sunkuya gaban kwamfuta, yatsunta a kan maɓallai. A fuskar kwamfutar wata jar mota ce take gudu. Ta isa wata kwana, ta daki shinge. Aka mai da ita farko, ta sake zuwa, ta sake dukan shingen nan a wuri guda.

Malam Azariya tsohon direban jirgin ƙasa ne. Daga makarantar mishan ta Zonkwa ya shiga aikin, a lokacin da Kafanchan ke kwana tana tashi da kukan jirage, kuma har ya yi ritaya bai taɓa wuce inda ya kamata ya tsaya ba. Mutum irinsa ba ya iya kallon abin hawa yana dukan shinge sau uku ya yi shiru.

Ya ce, "Kin makara, 'yata. Tun daga itacen can ya kamata ki fara birki."

Ba ta waiwaya ba. Ta ce idan fotokofi ne sai an dawo da wuta. Sai da motar ta sake kifewa ta juyo, ta ga furfura da littafin waƙa a hammata, ta yi wuf ta miƙe ta rusuna ta gaishe shi. Ta jawo masa wani ɗan benci na katako. A kan bencin nan ya zauna ranar har ruwa ya ɗauke, kuma a kansa ya ci gaba da zama shekaru da dama.

An haifi Tamar a Nok. Mahaifinta, Kumai, yana da tsohuwar babbar mota wadda yake kwasar citta da ita daga ƙauyukan Jaba zuwa kasuwa. Ya koya wa 'ya'yansa maza tuƙi tun ƙafarsu ba ta kai totur ba. Ita kuwa idan za a tafi da ita, a baya ake ɗora ta a kan buhuna, ƙamshin busasshiyar citta yana sa ta atishawa. Ba don ƙiyayya ba ne. Mutumin yana son 'yarsa, shi dai a ganinsa hanya ba ta mace ba ce. Daga kan buhunan nan ta koyi sanin giya da kunne, har takan san lokacin da wanta zai yi kuskure kafin ya yi. Sau ɗaya ta roƙi a ba ta sitiyari a filin makaranta, inda babu ko akuya. Kumai ya yi dariya ya shafa kanta, ya miƙa wa ƙanenta makulli. Ta riƙe wannan ranar. Da ta gama sakandare ta tafi Sabon Tasha ta koyi gyaran kwamfuta, sannan ta dawo Kafanchan ta buɗe shago don ta kasance kusa da mahaifiyarta, bayan rasuwar Kumai da sayar da motar.

Daga baya ta koyi tuƙin mota ta gaske, wannan bai yi mata wuya ba. Amma ta gaya wa Malam Azariya cewa ba juya sitiyari ne abin da ya dame ta ba. Abin da take so shi ne wata rana wasu mutane su miƙa mata abin hawansu, su ce ga shi, mun dogara da ke.

Da farko shi wasan yara ya ɗauki abin. Sai ta yi masa bayani a hankali. Akwai tseren da mutum ke yi da kwamfuta shi kaɗai, akwai kuma wanda ake yi ta intanet, inda kowace mota da ka gani a kan titi akwai ɗan Adam mai rai a bayanta, wani a Legas, wani a Nairobi, wani a ƙasar da rana ba ta fito ba tukuna. Titunan kwaikwayon titunan tsere ne na gaske, har gangare da tudu. Taya tana cinyewa, mai yana ƙarewa, kuma wanda ya faye dukan mutane akan rage masa daraja har a hana shi shiga manyan tsere. Da ya ji akwai doka da horo a ciki, sai ya gyara zama. Ya ce to, abin na manya ne ke nan.

Kayan tuƙin ba a rana ɗaya suka haɗu ba. Sitiyarin da abin takawar na gwanjo ne, ta yi wata da watanni tana jiran su. Kujerar ta wata tsohuwar Fijo ce, daga kasuwar tsofaffin kayan mota ta Panteka ta ɗauko ta a saman bas, ruwa ya jiƙa ta a hanya, ta sha rana kwana da kwanaki a ƙofar shago kafin wari ya fita. Lawal mai walda ne ya haɗa mata ƙarafan da za su riƙe komai, yana yi yana tambaya ina za a sa tayoyin. Ita kanta kwamfutar daga sassan gawarwakin wasu kwamfutoci ta tashe ta, ban da katin da ke zana hoto, wanda shi ne abu mafi tsada da ta taɓa saya a rayuwarta. Don kada zafi ya kashe shi, ta cire murfin gefe ta kafa fankar tebur tana hura ciki. Batirin sola yana ƙarƙashin tebur. Na'urar intanet kuwa a kan doguwar gora ta ɗaure ta, ta lulluɓe da leda, ta ɗaga sama da rufin kwano, don a can ne kawai netwok ke tsayawa.

Abu ɗaya ya rage, sandar giya ba ta da mariƙi. Washegari Malam Azariya ya zo da wani abu naɗe a cikin hankici. Hannun birki ne na tagulla, na wani tsohon kan jirgi da aka daina aiki da shi, abokan aikinsa suka ba shi ranar da suka yi masa bikin sallama. Tafin hannuwan mutane da yawa sun goge shi har yana sheƙi. Ta ƙi karɓa. Ya ce a gida madubin kabad kawai yake kallo, gara ya koma bakin aiki. Lawal ya ɗaura shi a kan sandar.

Amma babban abin da ya ba ta ba tagulla ba ne. Lokacin da yake mataimaki a jirgi, ubangidansa wani Oga Polycarp ne, mutumin gabas wanda ya yi rayuwarsa duka a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Dokar Oga Polycarp ita ce, duk abin da mataimaki ya gani a gaba sai ya faɗa da baki, direba kuma sai ya maimaita. Sigina ja, sai a amsa, ja. Gada a gaba, sai a amsa, gada. Ya ce ido yana iya yin barci a buɗe, amma baki da kunne ba sa yin barci tare. Wannan dokar Malam Azariya ya kawo shagon Tamar. Yakan zo bayan azahar idan ciniki ya lafa, ya zauna a bencinsa ta bayan kafaɗarta ta dama, ya sa tabarau. Ya haddace kowane titi da alamominsa, allon talla, ƙarshen shinge, inuwar itace. Idan motar ta kai alama sai ya ce, "Birki." Ita kuma ta ce, "Birki," ƙafarta na sauka tare da kalmar.

Maƙwabciyarta, Mama Angelina mai ɗinki, ta ce ita da fari ta zaci Zabura suke karantawa, fasto aya ɗaya, jama'a aya ɗaya.

Dokar ta yi aiki. Tamar ta daina dukan shinge. Ta zama irin direban da ba ya taɓa kowa, ba ya fita titi, yana kai mota gida ba ko ƙwarzane. A haka wani Kachi ya lura da ita. Haifaffen kwatas ɗin jirgi ne na Kafanchan, yana aiki a Sabon Tasha, kuma shi ne shugaban wata ƙungiyar 'yan Najeriya masu tsere ta intanet. A shekarar 2023 ƙungiyar ta yi rajistar wani dogon tsere na awa shida, wanda direbobi huɗu za su riƙa karɓa-karɓa da mota ɗaya, kowa daga ɗakinsa. Mutum uku sun tabbata. Kujera ta huɗu ce ake nema wa mai ita, kuma mutum biyu ne a kanta, Tamar da wani matashi mai suna Jason daga Jos.

Kachi ya kira ta a waya, Malam Azariya yana zaune yana jin komai. Ya yabi tsabtar tuƙinta. Sannan ya ce, "Amma Anti Tamar, abeg, kina birki kamar kin ɗauko ƙwai daga kasuwa. Kusan sakan biyu Jason yake ba ki a kowane zagaye. A awa shida, lissafa ki gani." Ya ce ranar Asabar ta sama za a gwada su biyun, rabin awa kowa, wanda ya fi shi ne mai kujera.

Da ta ajiye wayar, sai Malam Azariya ya ce yaran yanzu ba su san darajar isa lafiya ba. Ta yi murmushi. Ta buɗe wani shafi inda ake ganin tuƙinta da na Jason a jere, layi biyu masu hawa da sauka. Ta daɗe tana dubawa. A kowace kwana layinta yana riga nasa faɗuwa. Ta san dalili. Kiran tsohon na mai jan taragu ne, wanda nauyin duniya ke tura shi ta baya, wanda a wurinsa tsayawa da wuri ba laifi ba ne, wuce wuri shi ne abin kunya. Ga shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, ya daina amincewa da ganinsa, saboda haka kiran sai ƙara yin wuri yake yi. Ita kuma ƙafarta ta riga ta saba, da zarar ta ji muryarsa sai ta sauka, ko ta so ko ba ta so ba.

Ba a haifi Tamar a gidan da ake ce wa dattijo ya yi shiru ba. Haka kuma ba ta da niyyar barin kujerar nan ta wuce ta, kamar yadda makulli ya wuce ta a filin makaranta.

Ranar Litinin ya zo ya zauna kamar kullum. A kwanar farko ya ce, "Birki." Ta ce, "Na ji, birki." Bai kawo komai a ransa ba. Ranar Talata amsar ta zama, "Na ji, Baba, birki." Ya ji daɗi ma, ya ce a ransa yarinyar nan ladabinta ƙaruwa yake yi. Sai ranar Laraba kunnensa ya gaya masa abin da idonsa bai iya gani ba. Shi mutum ne da ya yi shekaru yana sauraron inji. Ya lura cewa kukan motar ba ya sauka a lokacin da ya yi kira. Yana ci gaba da hawa, duk tsawon amsarta, sai ta kai kalmar ƙarshe sannan ƙafarta ta sauka. Ashe amsar ce take auna mata jinkiri. Ta ɗauki dokar Oga Polycarp ta mai da ita ma'aunin saɓa wa kiransa, kuma ta yi hakan cikin ladabin da ba wanda zai iya kama ta da laifi.

Ya bari ta gama zagayen, ya ce gwiwarsa tana damunsa, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Bai bi hanyar gida kai tsaye ba. Ya ratsa ta tashar jirgi, inda ciyawa ta kai gwiwa tsakanin layukan dogo, ya tsaya a inuwar wani tsohon tarago. Abin ya yi masa zafi, ba don ta saɓa ba, sai don ta ga bukatar ɓoyewa, kamar yadda ake ɓoye wa mara lafiya gaskiyar ciwonsa. Ya tuna Oga Polycarp a shekarunsa na ƙarshe a bakin aiki, yadda yakan fara rage gudu tun tasha ba ta bayyana ba, fasinjoji suna leƙowa ta taga suna tambaya ko an lalace ne. Ya tuna yadda shi, yana matashi, yakan cije leɓe ya dubi agogo a ɓoye. Bai taɓa zaton za a zo a cije leɓe saboda shi ba.

Alhamis da Juma'a bai je shago ba. Mama Angelina ce ta tare shi a bakin kasuwa ta kawo masa labari ba tare da ya tambaya ba. Ta ce Tamar ta ƙi karɓar aiki, wani malami ya kawo takardun jarrabawa ta tura shi gaba. Tun safe take kan kujerar nan, ko abinci a cinya take ci. Gudu kam tana yi, amma ƙarar dukan shinge ta dawo, har ta bango ake ji. Ta ce kuma wani lokaci takan ji ta tana magana ita kaɗai, tana amsa kiran da ba wanda ya yi.

Ranar Asabar ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa sujada, ya goge tabarau. Ya tarar da ita tana ɗaure gorar intanet da sabuwar igiya, don an yi iska da safe. Da ta gan shi ta sauko daga kan tebur, ta gaishe shi, ta tambayi gwiwa. Ya ce gwiwa da sauƙi. Ya zauna a bencinsa, ya jingine sanda.

Ya ce, "Tamar, amsarki ta yi tsawo kwanan nan."

Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar da ta rage a hannunta. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"A kwanar gada ta yi daidai. A ta gangare kuwa ta yi gajarta, har yanzu kina barin fili. Ki ƙara mata wani abu."

Ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Me zan ƙara, Baba?"

"Ki gode mini mana. Shekara nawa ina zama a kan katakon nan, ko matashi babu."

Ta yi dariya har ta share ido da bakin ɗankwali. Kafin lokacin gwaji suka zauna suka bi titin kwana bayan kwana, yana kira, tana gwada tsawon amsa, yana saurare da kunne yana cewa a ƙara ko a rage. Shi ba zai iya jinkirta kiransa ba, jikinsa ba zai yarda ba, amma kiran nasa ba ya kuskure, kullum a wuri ɗaya yake faɗuwa, kuma a kan abin da ba ya motsi ne ake iya yin awo. Wata kwanar ta samu "Birki" kawai. Wata ta samu "Na ji, birki." Ta gangare, wadda ake shigowa da gudu mafi yawa, ta samu "Na ji, Baba, na gode, birki," kuma duk lokacin da ta faɗa, Malam Azariya yakan runtse ido ya riƙe gefen benci, don a ganinsa sun riga sun wuce tasha.

Jason ne ya fara. Suka kalle shi ta fuskar kwamfuta. Yaron yana da hannu, Malam Azariya da kansa ya faɗi haka. Ya yi zagaye masu kyau ƙwarai, sau ɗaya kawai taya ta zame masa ya juya, ya tashi ya ci gaba. Sannan aka kira Tamar. Ta cire takalma, don da safa take tuƙi, ta goge tafin hannu a zane, ta ce, "Baba, yi mana addu'a." Ya yi gajeriya, irin wadda yake yi kafin ya saki birkin jirgi.

Rabin awar nan Mama Angelina ta tsayar da keken ɗinkinta. Babu abin da ake ji sai kukan inji, da fanka, da muryoyi biyu, ɗaya tsohuwa ɗaya mai ƙarfi, suna karɓa wa juna. Gumi ya jiƙa bayan rigar Tamar. Wajen tsakiya hoton ya ɗan daskare, netwok ya yi kamar zai tafi, ta riƙe sitiyari daidai ba ta motsa ba har ya dawo. A zagaye na kusa da ƙarshe ta shiga kwanar gangare, ta faɗi godiyarta, ta ƙara jan "gode" ɗin fiye da yadda suka shirya. Bayan motar ya yi kamar zai wuce gabanta. Ta kama shi. Da suka isa alama ta gaba, Malam Azariya ya yi kiransa kamar kullum.

Kachi bai daɗe ba ya kira. Ya ce zagayen Jason mafi kyau ya fi nata mafi kyau da ɗan kaɗan, amma idan aka haɗa rabin awar gaba ɗaya ita ce a gaba. Ya ce kujera tata ce, ita za ta karɓi mota a tsakiyar tsere, lokacin da titi ya fi cunkoso, don suna bukatar wanda za su dogara da shi. Sannan ya tambaya wai wane ne take ta yi wa godiya, don ta manta ba ta kashe makirfo ba. Ta ce mataimakin direba ne. Da ta ajiye wayar, ta ɗora hannunta a kan tagullar nan.

Ranar babban tseren dole ta sa abin sauraro a kunne, don Kachi ne zai riƙa gaya mata labarin mai da taya da motocin da ke bayanta. Ba ta jin komai na cikin ɗaki. Malam Azariya ya san haka, duk da haka ya zauna a wurinsa, ya kuma yi kiransa a kowace alama, ƙasa ƙasa. Abin da ya ba shi mamaki shi ne amsar tana zuwa daidai, kowace kwana da tsawonta, ko da yake ba ta ji shi ba. Ta karɓi motar suna can baya, ta miƙa ta sun matso tsakiya, ba ko ƙwarzane. A tsakiyar suka ƙare. Ba su ci kofi ba, ba kuma wanda ya zaci za su ci. Tun daga ranar ba a sake yin wani dogon tsere a ƙungiyar ba tare da sunanta a ciki ba.

Shekarar da ta biyo idon Malam Azariya ya ƙara yin nauyi. An yi masa aiki a ɗaya, ɗayan likita ya ce a jira. Abin da ke gudu a fuskar kwamfuta ya zama masa kamar ruwa mai launi. Ya ga zaman bencin ba shi da amfani kuma, sai ya rage zuwa, daga baya ya daina. Yakan zauna a barandarsa da rediyo. Tamar takan biyo ranar Lahadi bayan sujada da kunu ko lemo, ta ba shi labarin tsere, ba ta taɓa tambayarsa me ya sa ya daina zuwa ba.

Wata ranar Laraba Tamar ta aiko da ɗan acaɓa, wai tagullar nan ta kwance, Lawal ya kasa gane yadda ake ɗaure ta, sai Baba ya zo da kansa. Ya yi ta gunaguni a hanya, yana cewa ƙusa ɗaya ce tal, ko makaho zai ɗaure.

Da ya shiga bai ga sitiyari ba, an cire shi an ajiye a kan kabad. A gaban kujerar Fijo an kafa wani faffaɗan katako, a kansa ga hannun birkinsa na tagulla, a kwance yadda yake zama a cikin jirgi, ana jan shi daga hagu zuwa dama. Kusa da shi akwai wani ƙaramin hannu na ba inji wuta. Ya matso da fuskarsa kusa da kwamfutar. Ko da idon nan nasa ya gane abin da yake gani, don ba ya gudu. Layuka biyu ne na ƙarfe, sun miƙe sun haɗu a can nesa, ga bakin dandamalin tasha a gefe. Daga lasifika wani nauyayyen inji yana numfashi a hankali, irin numfashin da ya yi shekaru bai ji ba.

Wasan tuƙin jirgi ne Tamar ta haɗa masa. Ta ce ƙasar da ke ciki ba tamu ba ce, amma jirgin na dizal ne, kuma ta ɗaura masa taragu masu nauyi. Ta kama hannunsa ta zaunar da shi a kujerar, ta karɓi sandarsa ta jingine. Ya ɗora tafinsa a kan tagullar. Ya ce ai shi ba zai ga sigina ba.

Ya ji ƙarar katako a kan siminti. Ta jawo ɗan bencin ta zauna ta bayan kafaɗarsa ta dama.

Ta ce, "Sigina kore, Baba."

Ya gyara zama, ya miƙe bayansa. Ya ce, "Kore." Ya saki birki, ya ba inji wuta kaɗan, dandamalin tashar ya fara ja da baya a hankali.